David Morley: Likitan da Ya Tsara Katin Awon Yara a Wani Ƙauyen Najeriya

Duk uwar da ta taɓa kai jaririnta rigakafi a Katabu, ko Maraban Jos, ko Rigachikun, ko Kawo, ta san katin nan da ake miƙa mata a ranar farko, a ce ta adana shi, ta riƙa zuwa da shi duk ranar awo. Yawancinmu katin rigakafi muke kiransa, domin gurbin allurai shi ne abin da aka fi dubawa. To amma idan kuka buɗe cikinsa za ku ga wani zane mai ƙananan gidaje, da wasu layuka da suka taso daga ƙasa suna hawa sama a lanƙwashe. Wannan shafi shi ne na awon nauyin yaro, kuma a yawancin katunan da iyaye ke miƙo mini a ɗakin duba marasa lafiya, shi ne shafin da nake tararwa fayau, ko kuma da ɗigo biyu ko uku na watannin farko, daga nan shiru.

Abin yana damuna, domin sau da yawa yaron da ke kwance a gabana da tamowa ya yi wata huɗu ko biyar nauyinsa a tsaye kafin jikinsa ya nuna. Da an riƙa cike wancan shafi, da an gano matsalar tun lokacin da gyaranta bai wuce canjin kunu da shawara ba.

Mutane kaɗan ne suka san cewa wannan shafi a Najeriya aka tsara shi, sannan ya bazu zuwa sauran ƙasashen duniya. Wanda ya tsara shi wani likitan yara ne Bature mai suna David Morley. A yau za mu kawo muku tarihinsa, da dalilin da ya sa ya ga cewa kati a hannun uwa zai iya ceton yaran da babban asibiti ya kasa ceta.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi David Cornelius Morley ranar 15 ga watan Yuni na shekarar 1923 a garin Rothwell da ke ƙasar Ingila. Mahaifinsa limamin coci ne. Ya yi karatu a Jami'ar Kambirij, sannan ya koyi aikin likita a asibitin St Thomas da ke Landan, inda ya kammala a 1947. Bayan haka ya yi aikin likitan soja a ƙasar Malaya, wadda a yau take cikin Malesiya. A can ne ya fara ganin yadda cututtuka suke a ƙasashe masu zafi.

Wurin da ya fi tasiri a tunaninsa shi ne birnin Newcastle a arewacin Ingila, inda ya yi aiki a sashen lafiyar yara da Farfesa James Spence ya kafa. A wancan lokaci likitocin sashen suna gudanar da wani bincike da ya shahara, wanda ake kira binciken iyalai dubu. Sun ɗauki jariran da aka haifa a birnin a watannin Mayu da Yuni na 1947, su sama da dubu ɗaya, suna bin su gida-gida shekara da shekaru, suna rubuta ciwon da kowane ya yi, da abincinsa, da yanayin gidansu. Darasin da Morley ya ɗauka daga nan shi ne, likitan da ya zauna a asibiti ƙarshen labari kawai yake gani. Wanda yake son ya san yadda ciwo ke farawa sai ya bi yaro tun yana lafiya.

Zuwansa Ilesha

A shekarar 1956 Morley ya iso Najeriya, ya kama aiki a asibitin Wesley Guild da ke Ilesha, a jihar Osun ta yanzu. Asibitin na mishan ne a lokacin, a yau kuma yana cikin rukunin asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo.

Abin da ya tarar a ɗakin yara duk likitan da ya yi aiki a Arewa zai gane shi. Ana kawo yara a makare, bayan an gwada duk abin da za a gwada a gida. Cututtukan da ke kashe su kuma ba su da yawa: zazzaɓin cizon sauro, gudawa, ciwon huhu, ƙyanda, tarin shiƙa, tarin fuka, da tamowa. Tamowa mai kumbura jiki an riga an san ta a likitance, domin Dakta Cicely Williams ta yi bayaninta tun a shekarun 1930 lokacin da take aiki a ƙasar Gana ta yanzu. Amma sanin sunan ciwo bai hana shi kisa ba. Yaro zai warke a asibiti, a sallame shi, bayan wata biyu a dawo da shi a yanayin da ya fi na da muni, ko kuma a ji labarin ya rasu a gida.

Morley ya lura cewa ko da za a ninka gadajen ɗakin yara sau goma, ba za a kai ga yawancin yaran da ke mutuwa ba, saboda suna ƙauyuka, kuma yawancinsu ba sa ma isowa asibiti. Ya lura kuma cewa likitoci sun yi ƙaranci ƙwarai, ba kuma za su wadata nan kusa ba. Saboda haka tambayar da ya sa a gaba ita ce: me za a iya yi wa dukkan yaran gari, da ɗan kuɗi kaɗan, ta hannun ma'aikatan da ake da su?

Binciken Imesi-Ile

Domin samun amsa, sai ya zaɓi garin Imesi-Ile, wani ƙaramin gari na manoma a cikin duwatsu, mai nisan kimanin kilomita 40 daga Ilesha. Daga 1957 aka fara rajistar duk jaririn da aka haifa a garin, har aka tara yara sama da 400. Kowane wata ana auna nauyin kowane yaro, a duba jikinsa, a rubuta ciwon da ya yi, haka har ya cika shekara biyar. Wata nas mai suna Margaret Woodland ita ce ta tare a garin ta riƙe wannan aiki yau da gobe tare da 'yan matan garin da ta horar. Duk inda aka ba da tarihin katin awo, ya kamata a ambaci sunanta.

Da aka jera awon wata-wata, abubuwa uku suka fito fili.

Na farko, jariran suna girma da kyau a wata shidan farko, lokacin da nonon uwa ke isar su. Daga nan ne nauyin da yawa daga cikinsu ke fara ja baya, wato lokacin da nono shi kaɗai ya daina wadatarwa, aka koma ba su koko mai ruwa-ruwa wanda ke cika ciki amma ba ya gina jiki.

Na biyu, ciwo da rama suna ciyar da juna. Yaro ya yi gudawa ko ƙyanda ko tarin shiƙa, sai ya ƙi abinci, nauyinsa ya faɗi. Kafin ya mayar da abin da ya rasa, wani ciwon ya sake kama shi, kuma yanzu jikinsa ba shi da ƙarfin da yake da shi a da. Ƙyanda ce ta fi kowace cuta ɓarna a wannan fanni, domin yara da yawa sukan yi makonni kafin su dawo nauyinsu na da.

Na uku, wanda shi ne tushen komai: tamowa ba ta faɗo wa yaro dare ɗaya. Yaran da suka kumbura daga baya, idan aka koma kan awonsu, sai a ga nauyinsu ya tsaya cik tun watanni kafin nan. A waɗannan watanni yaron yana wasa, yana dariya, ba wanda zai ce ba shi da lafiya. Idon uwa da ke ganinsa kullum ba ya iya kama wannan canji, idon likita ma haka. Sikeli ne kaɗai ke kama shi.

Yadda katin ya samu

Zanen awon yara ba sabon abu ba ne a asibitocin Turai da Amurka, amma a can takarda ce ta likita, tana cikin fayil, kuma sai an lissafa shekarun yaro daidai kafin a yi amfani da ita. Morley ya ɗauki wannan takarda ya sake mata fasali yadda za ta yi aiki a ƙauye. Ya yi canje-canje guda huɗu.

Ya fara da matsalar shekaru. A Imesi-Ile, kamar a ƙauyukanmu, ba kowace uwa ce za ta iya faɗin watannin ɗanta daidai ba, kuma ma'aikacin da ke da layin mata hamsin a gabansa ba shi da lokacin lissafi. Sai ya mayar da gindin zanen kamar kalanda. A gidan farko a rubuta watan da aka haifi yaro, a gida na biyu watan da ke bi masa, haka har ƙarshe. An cike wannan sau ɗaya, an gama. Duk ranar da aka zo awo, sai a nemo sunan watan da ake ciki, a hau sama zuwa nauyin da sikeli ya nuna, a ɗiga alama.

Na biyu, ya zana layuka biyu masu hawa, ya bar fili a tsakaninsu kamar hanya. Daga nan katin ya samo sunan da aka san shi da shi a duniya, wato katin hanyar lafiya. Amma ya nanata cewa inda ɗigon yaro ya faɗa a wata ɗaya ba shi ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne inda layin yaron ya dosa idan aka haɗa ɗigon wata da wata. Yaro ƙarami wanda layinsa ke hawa yana lafiya. Yaro mai ƙiba wanda layinsa ya kwanta yana cikin haɗari, ko da yana tsakiyar hanya.

Na uku, ya tattara labarin yaro duka a kan kati ɗaya: alluran rigakafi, ciwon da ya yi da watan da ya yi shi, maganin kariya daga zazzaɓi, lokacin yaye, tazarar haihuwa, da dalilan da za su sa a sa wa yaro ido na musamman, kamar tagwaye, ko wanda aka haifa da ƙarancin nauyi, ko wanda mahaifiyarsa ta rasu, ko wanda yayyensa suka mutu suna ƙanana.

Na huɗu shi ne wanda ya fi jawo gardama. Ya ce katin na uwa ne, ita za ta tafi da shi gida a cikin leda. Ma'aikatan lafiya da yawa sun ɗauka matan da ba su yi boko ba za su yar da shi ko su bari ya lalace. Abin da aka gani a aikace ya saɓa wa haka, domin iyaye mata sun riƙe katunan da kyau, sau da yawa fiye da yadda ɗakin ajiyar fayil na asibiti ke riƙe nasa. Ban da haka an huta da dogon jiran neman fayil, kuma duk asibitin da uwa ta je, tarihin ɗanta yana hannunta.

Asibitin 'yan ƙasa da shekara biyar

Kati shi kaɗai ba ya warkar da kowa, Morley kuma ya san haka. Saboda haka ya gina tsarin da katin zai yi aiki a cikinsa, wanda ya kira asibitin yara 'yan ƙasa da shekara biyar. A tsarin da aka gada daga Turawa, ranar masu lafiya daban, ranar marasa lafiya daban, rigakafi ma da ranarsa. Uwa mai aikin gona da kasuwa ba za ta iya wannan zirga-zirga ba. Shi sai ya haɗa komai wuri ɗaya, a kowace ranar aiki. Uwa ta kawo yaro saboda zazzaɓi, za a auna shi, a ba shi magani, a duba ko akwai allurar da ta rage, a kuma tattauna abincinsa, duk a zama ɗaya.

Ya kuma danƙa yawancin aikin a hannun nas-nas da ungozomomi 'yan yankin, masu jin yaren iyayen, waɗanda su ma yawancinsu iyaye ne. Su ke duba yaro su rubuta magani, sai abin da ya fi ƙarfinsu su tura wa likita. A wancan zamani wannan babban sauyi ne, kuma wasu likitoci ba su so shi ba. Amma sakamako ya nuna. Mutuwar yara a Imesi-Ile ta ragu ƙwarai, kuma da wani likita mai suna Nicholas Cunningham ya kwatanta garin da wani gari maƙwabci da ba shi da irin wannan asibiti, ya tarar mutuwar yara 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu a Imesi-Ile ba ta kai rabin ta maƙwabtan ba.

Saboda ɓarnar ƙyanda da ya gani a kan katunan, Morley ya nemi haɗin kai da masanan birnin Boston na Amurka waɗanda ke ƙoƙarin samar da allurar ƙyanda, ciki har da Dakta Samuel Katz. A farkon shekarun 1960 aka yi ɗaya daga cikin gwaje-gwajen farko na wannan allura a yankin Ilesha, kafin Amurka ta amince da ita a hukumance a 1963. Morley ya sa 'ya'yansa na cikinsa a cikin waɗanda aka yi wa allurar. Bayan an ci gaba da yi wa yaran Imesi-Ile, garin ya zama cikin wuraren farko a duniya da aka ga rigakafi ya dakatar da yaɗuwar ƙyanda.

Daga Imesi-Ile zuwa duniya

A 1961 Morley ya koma Landan, ya fara koyarwa a makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi, daga baya ya koma Cibiyar Lafiyar Yara ta Jami'ar Landan, inda ya kafa sashen lafiyar yaran ƙasashe masu zafi, ya kuma kai matsayin farfesa. Likitoci da nas-nas daga Afirka da Asiya da Kudancin Amurka sun yi karatu a hannunsa, suka koma ƙasashensu da tsarin da aka gwada a Najeriya.

A 1965 ya kafa ƙungiyar TALC, wadda aikinta shi ne samar da littattafai da kayan koyarwa masu araha ga ma'aikatan lafiya a ƙasashe matalauta. Ta wannan hanya katunan awo suka isa ƙasashe da dama, tare da wani cokali na roba mai baki biyu, ɗaya na awon gishiri ɗaya na sukari, domin haɗa ruwan gudawa a gida. A 1973 ya wallafa littafinsa da ya fi shahara, Paediatric Priorities in the Developing World, inda ya soki yadda gwamnatoci ke zuba yawancin kuɗin lafiya a manyan asibitocin birane, alhali yawancin jama'a suna karkara, kuma yawancin mutuwar yara daga cututtukan da ake iya karewa da kuɗi kaɗan take. A 1974 shi da wani likita ɗan Iraƙi, Adnan Shakir, suka gabatar da tsinken awon damtse mai launuka, kakan wanda ake zagaya wa yara a hannu a yau. A ƙarshen shekarun 1970 kuma shi da masanin ilimi Hugh Hawes suka fara shirin koya wa yara 'yan makaranta kula da lafiyar ƙannensu, bisa la'akari da cewa a gidajenmu yaya ce ke goyon ƙani rabin yini.

Duniya ta biyo sahunsa. Taron Alma-Ata na 1978 ya ayyana kiwon lafiya a matakin farko a matsayin ginshiƙi. A 1982 asusun UNICEF ƙarƙashin James Grant ya ƙaddamar da gangamin ceton yara a kan abubuwa huɗu: awon girma, ruwan gishiri da sukari, shayar da nono, da rigakafi. A wannan shekarar ce kuma aka fara ba da lambar yabo ta Sarki Faisal ta ƙasar Saudiyya a fannin likitanci, kuma Morley ne ya fara karɓarta, saboda aikinsa a kiwon lafiya matakin farko. A nan gida, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda shi ma likitan yara ne, ya zama ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya ɗora tsarin lafiyar ƙasa a kan ƙananan asibitoci na ƙananan hukumomi. Awon yara yana cikin ayyukan yau da kullum na waɗannan asibitoci har yanzu.

Layukan da ke cikin katin sun canza tun daga lokacin Morley. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sabon ma'auni, bayan ta bi girman yara kimanin 8,500 a ƙasashe shida: Barazil, Gana, Indiya, Norwe, Oman da Amurka. Binciken ya nuna cewa yaran da suka sha nono, suka sami abinci da kulawa, girmansu kusan ɗaya ne ko a ina aka haife su. Wato ƙanƙantar da muke gani a yaranmu da yawa ba ta jini ba ce kamar yadda ake cewa.

Inda aka sami tangarɗa

Tarihin katin ba nasara ce zalla ba. Da ya bazu, a wurare da yawa sai aka ɗauki sikelin aka bar tattaunawar. A rataya yaro, a kira lamba, a rubuta a babban littafi, a ce mai bi. Ba a ɗiga alama a kati ba, ko an ɗiga ba a haɗa layi ba, ko an haɗa ba a gaya wa uwa ma'anarsa ba. Bincike a ƙasashe daban-daban ya nuna cewa awo irin wannan ba ya ƙara wa yaro komai, har wasu masana suka fara tambaya ko ya cancanci lokacin da ake kashewa a kansa.

Morley bai musanta wannan suka ba. Ya yarda cewa karanta zane abu ne da ake koya, kuma ma'aikata da yawa ba a koya musu sosai ba, balle iyaye. Maimakon ya kare kansa, sai ya koma neman gyara. A shekarun tsufansa ya yi aiki a kan wani sikeli da ake saka katin a jikinsa, yadda idan aka rataya yaro, uwa da kanta za ta ga alamar ta motsa, ta sa biro ta ɗiga a kan katin ba tare da karanta lamba ba. Manufarsa ita ce a mayar da awo cikin unguwa, uwa da kaka da uba su gani da idonsu.

Ni ma na taɓa faɗawa wannan kuskure. A shekarar da na fara aiki, an kawo mini wata yarinya 'yar wata goma sha ɗaya sau biyu saboda gudawa. Sau biyun na rubuta magani, ban buɗe shafin awo ba, saboda layi ya yi tsawo. A zuwa na uku ƙafafunta sun kumbura. Da na buɗe katin, nauyinta yana rubuce a gefe da lambobi, bai motsa ba tun tana wata bakwai. An auna ta kowane zuwa, amma ba wanda ya duba. Ta warke bayan jinya mai tsawo, ni kuma tun daga ranar ba na duba yaro ban buɗe wannan shafi ba.

Abin da iyaye za su riƙe

Ga yadda za ku ci moriyar abin da Morley ya bari.

Ku riƙa kai yaro awo kowane wata, musamman a shekara biyun farko, ko da lafiyarsa ƙalau. Iyaye da yawa suna daina zuwa bayan allurar ƙyanda ta wata tara, alhali daga wata shida zuwa shekara biyu ne lokacin da girma ya fi tsayawa. Akwai ma allurar ƙyanda ta biyu a wata goma sha biyar, da ɗigon sinadarin bitamin A duk wata shida.

Bayan an auna, ku roƙi ma'aikacin ya ɗiga alamar a kan zanen ya nuna muku. Haƙƙinku ne. Idan layin yana hawa, madalla. Idan ya kwanta wata biyu a jere, akwai abin da ke faruwa, a bincika abinci da ciwo. Idan ya gangara, a ga likita ba tare da jinkiri ba. Kada a ɗora laifin a kan haƙori a zauna jira.

Ku san ma'aunin da aka saba gani. Jariri yakan ɗan rage nauyi a kwanakin farko, ya mayar cikin kimanin mako biyu. Yakan ninka nauyin haihuwarsa wajen wata biyar, ya ninka sau uku wajen shekara ɗaya. Wanda aka haifa ƙasa da kilo 2.5 yana buƙatar sa ido na musamman. A awon damtse na yaro daga wata shida zuwa shekara biyar, ƙasa da santimita 11.5 ja ne, wato tamowa mai tsanani, daga 11.5 zuwa 12.5 rawaya ne, gargaɗi. Sama da haka kore. Kumburin ƙafafu biyu kuwa alamar haɗari ce ko me sikeli ya nuna.

Nono zalla har wata shida, ba ruwa ba jiƙo. Daga nan a ci gaba da nono har shekara biyu, a ƙara da kunu mai kauri da aka haɗa da gyaɗa ko waken suya, da ɗan mai, da ƙwai, kifi, wake, alayyafo ko zogale gwargwadon hali. Yaro ya sami kwanonsa daban, a ba shi sau da yawa a yini. Bayan ya tashi daga ciwo a ƙara masa ci ɗaya a kullum har nauyinsa ya dawo.

Girma kuma bai tsaya a nauyi ba. Jariri yakan fara murmushi ga mai yi masa wasa wajen wata biyu, ya riƙe wuya wajen wata huɗu. Zama ba tallafi yakan zo tsakanin wata huɗu da tara, tafiya kuma tsakanin wata takwas da goma sha takwas. Yaron da ya wuce wata tara bai zauna ba, ko ya wuce shekara ɗaya da rabi bai taka ba, ko ba ya juyowa ga ƙara, ko ya daina abin da ya riga ya iya, a kai shi a duba. Daga ƙaramin asibiti za a iya tura ku babba, kamar asibitin koyarwa na Barau Dikko a cikin Kaduna ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Iyaye maza, wannan ba aikin mata kaɗai ba ne. Kuɗin mota da izinin fita da cefane suna hannunku. Ku karɓi katin ku duba layin ɗanku kamar yadda kuke duba sakamakon jarrabawarsa.

Rasuwarsa

Morley bai daina aiki ba bayan ya yi ritaya. Ya ci gaba da hidimar TALC, yana tattara bayanan lafiya a faifan kwamfuta ana aika wa ma'aikatan da ba su da ɗakin karatu. Ya rasu ranar 2 ga watan Yuli na 2009 yana da shekara 86.

Shekara biyar kacal ya zauna a Najeriya, amma abin da ya koya daga iyaye matan Imesi-Ile ya shiga jakar miliyoyin mata a duniya, har da taku. A daren yau ku ɗauko katin ɗanku, ku buɗe shafin da ke da layuka, ku duba watan da aka yi ɗigon ƙarshe. Idan ya wuce wata ɗaya ko biyu, ranar awo mai zuwa ku tafi da shi asibitin da ya fi kusa da ku.